Ɗakin Gwaji a Cikin Gajimare: Koyar da Gina Shafin Yanar Gizo a Makarantar Karkara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa karanta ilimin halittu ya san bambancin da ke tsakanin zanen da malami ya yi a kan allo da abin da ido ya gani a ƙarƙashin madubin ƙara girman abubuwa. Malami yana iya shafe mako guda yana zana ƙwayoyin halitta na fatar albasa da alli, yana sa wa kowane sashe suna, ɗalibai suna kwafa a littattafansu. Amma ranar da yaro ya kafa ido a madubi ya ga ƙananan ɗakunan nan jere kamar tubalan gini, ranar ce darasin yake zauna masa. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Haka abin yake a ilimin kwamfuta, musamman sashen da ya shafi rubuta umarnin da ake gina shafukan yanar gizo da shi, wanda matasa suke kira kodin. Ba a ƙwarewa a wannan fanni da haddar ma'anoni. Sai ɗalibi ya rubuta da hannunsa, ya yi kuskure, ya ga abin da kuskuren ya haifar, sannan ya gyara. To, a makarantu da yawa na karkara ɗakin kwamfuta ko dai babu shi, ko kuwa na'urorin da ke ciki sun tsufa, kowace da irin ciwonta.

Wannan batu ya shafi ɗalibin Kanya Babba, da ke ƙaramar hukumar Babura a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, fiye da yadda ake zato. Yankin nan yana da tsohuwar alaƙa da fasahar sadarwa. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Informatics a Kazaure. A garin ne kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take, sannan a shekarar 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Tun daga 2015 kuwa, da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ke nan manyan makarantun suna kusa. Abin da ya rage shi ne ɗalibi ya isa can da shiri. Wannan maƙala za ta duba wata hanya da ake kira muhallin aiki na gajimare, yadda take aiki, abin da take sauƙaƙawa, da kuma inda take da haɗari.

Mene ne shafin yanar gizo?

A shekarar 1989 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba, ya gabatar da tsarin da zai ba masu bincike damar haɗa takardunsu ta intanet, yadda mutum zai taɓa kalma a wata takarda ta kai shi zuwa wata. A ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga kowa. Daga nan yanar gizo ta bazu a duniya.

Kowane shafi, komai ƙayatarwarsa, asalinsa rubutu ne zalla da aka adana a fayil. Manhajar da ake buɗe shafuka da ita, wato burauza irin su Chrome ko Firefox, ita ke karanta rubutun ta mayar da shi abin da ido yake gani. Harsuna uku ake amfani da su, kuma ana iya kwatanta su da jikin dabba. HTML shi ne ƙashi: shi ke nuna inda kan magana yake, inda sakin layi ya fara, inda hoto zai zauna. CSS, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1996, shi ne fata da launi. JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ne tsoka da jijiyoyi: shi ke sa shafi ya amsa idan an danna maɓalli, ko ya yi lissafi.

Muhallin aiki da wahalar shirya shi

Masana halittu suna kiran dukkan abubuwan da ke kewaye da wata halitta, waɗanda rayuwarta ta dogara da su, da sunan muhalli. Iri ba ya tsira sai ya samu danshi da iska da ɗumi daidai gwargwado. Masu rubuta manhaja su ma sun ari wannan kalma. Muhallin aiki a wurinsu shi ne tarin kayan da ake bukata kafin a fara: editan da ake rubutu a cikinsa, manhajojin da ke gudanar da umarnin, wurin adana fayiloli, da hanyar gwada aikin.

A matakin farko kayan ba su da yawa. Amma da zarar darasi ya yi nisa, aka kai ga shafin da ke karɓar bayanai yana adanawa, sai bukatu su ƙaru. A ɗauka cewa malami yana da ɗalibai 40 da kwamfuta 10. Dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saka manhajoji, kowace kwamfuta kuma ta sauko da nata kwafin daga intanet. Wata za ta ƙi karɓa saboda tsufa, wata ƙwaƙwalwarta ta cika, wata kuma ta kamu da bairos daga filashin da aka soka mata. Aikin da ya yi daidai a kwamfutar malami sai ya ƙi tashi a ta ɗalibi, don kawai nau'in manhajar ya bambanta. Darasin minti 40 yakan ƙare ba a rubuta layi ɗaya ba, yaro kuma ya tashi da tunanin cewa shi ne ba shi da basira, alhali laifin na kayan aiki ne.

Yadda muhallin gajimare yake aiki

Kalmar gajimare tana iya ruɗar da mutum, domin babu abin da ke sama. Abin da ake nufi shi ne dubban kwamfutoci masu ƙarfi da aka jera a manyan gine-gine, ana kiran su cibiyoyin tara bayanai, ana ba su wuta da sanyi dare da rana, ana kuma ba da hayar ƙarfinsu ta intanet. Idan ɗalibi ya buɗe muhallin aiki na gajimare, ɗaya daga cikin waɗannan kwamfutoci ce ke keɓe masa wani yanki na ƙwaƙwalwarta da ƙarfinta, ta shirya masa dukkan kayan aiki a ciki. Wannan keɓaɓɓen yanki ana kiran sa akwati. Na'urar da ke gaban ɗalibin ba ta da wani aiki illa nuna masa abin da ke faruwa da kuma aika abin da ya buga. Saboda haka tsohuwar kwamfuta ma tana wadatarwa, muddin tana iya buɗe burauza ta zamani.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ranar 1 ga Mayu 1964, a Kwalejin Dartmouth da ke Amurka, malamai biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, tare da ɗalibansu suka fara gudanar da tsarin da mutane da yawa ke amfani da babbar kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa yana zaune gaban na'ura mai kama da tafireta. Don wannan tsari suka ƙirƙiri harshen BASIC, saboda ɗalibin da ba masanin lissafi ba ya iya koyo. Bayan 'yan shekaru aka haɗa makarantun sakandare na yankin da wannan kwamfuta ta layin tarho. Abin da ya canza a yau shi ne girman na'urorin da nisan da saƙo yake tafiya.

Irin waɗannan wuraren aiki sun kasu kashi biyu. Akwai masu sauƙi, kamar CodePen da aka buɗe a 2012, inda allo yake rabuwa: ɗalibi yana rubutu a gefe ɗaya, sakamako yana bayyana a ɗaya gefen nan take. Waɗannan sun dace da makonnin farko. Akwai kuma cikakku, waɗanda ke ba mutum kwamfuta sukutum a nesa, kamar Replit da aka kafa a 2016, da GitHub Codespaces. A watan Nuwamba 2022 kamfanin GitHub ya buɗe Codespaces ga kowa tare da kyautar awa 60 a wata a kan ƙaramar na'urarsa. Shahararren darasin nan na masu fara koyo na Jami'ar Harvard, CS50, a kan wannan tsari ɗalibansa suke yin aikinsu.

Darasin farko

Ga misalin abin da ɗalibi zai iya rubutawa a ranar farko:

<html lang="ha">
<meta charset="utf-8">
<h1>Amfanin Gonar Garinmu</h1>
<p>Ana noma gero da dawa da riɗi a ƙasarmu.</p>
</html>

Alamar h1 tana gaya wa burauza cewa wannan kan magana ne, sai ta rubuta shi da manyan haruffa. Alamar p tana nuna sakin layi. Layin farko yana sanar da cewa shafin da Hausa aka rubuta shi, domin ha ita ce alamar harshen Hausa a ƙa'idar duniya.

Layi na biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi mai rubutun Hausa kai-tsaye. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafi irin a ko k yana cin ma'auni ɗaya da ake kira bayit, amma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowanne yana cin bayit biyu. Idan ba a sanar da burauza tsarin da aka bi ba, tana iya karanta bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu daban, sai ƙ ta fito kamar Æ™. Malami yana iya sa ɗalibai su adana fayil ɗin, su canza wannan layi zuwa wani tsohon tsari irin windows-1252, su ga yadda kalmar ƙasarmu za ta lalace, sannan su mayar da shi. Wannan gwaji ne na kimiyya sosai: an canza abu ɗaya, an bar sauran yadda suke, an lura da sakamako.

Amfaninsa ga malami da ɗalibi

Amfani na farko shi ne daidaito. Malami yana shirya muhalli sau ɗaya, ya ba ɗalibai adireshinsa, kowa ya samu kwafi iri ɗaya. Idan yaro ya dagula nasa, sai a share akwatin a buɗe sabo cikin 'yan mintoci, kamar yadda ake wanke kwanon gwaji a sake zuba sabon samfuri. Wannan yana cire wa mai koyo tsoron ɓata kayan makaranta, wanda shi ne ke hana yara da yawa taɓa maɓalli.

Na biyu, aikin ba ya maƙale a kwamfuta ɗaya. Ɗalibar da ta fara shafi a makaranta ranar Litinin tana iya ci gaba da shi a wani shagon kwamfuta a Babura ko Kazaure lokacin hutu, ko ta duba shi a wayar yayanta da dare. Rubuta umarni a kan gilashin waya yana da wahala, amma ana iya haɗa wayoyi da yawa da madannai na waje, abin ya yi sauƙi.

Na uku, malami yana iya buɗe aikin kowane ɗalibi daga inda yake, ya nuna layin da aka yi kuskure. Wasu daga cikin waɗannan wurare suna ba mutum biyu damar rubutu a fayil ɗaya a lokaci guda. Bugu da ƙari, shafin da aka gama yana iya samun adireshin da za a aika wa iyaye ko ɗan'uwa da ke Kano ya buɗe a wayarsa. Yaron da ya ga an buɗe aikinsa a wani gari ba ya bukatar a roƙe shi ya dawo darasi na gaba.

Abin da gajimare bai magance ba

Abin lura a nan shi ne, wannan hanya ta ɗauke nauyi ne daga kan kwamfuta ta ɗora shi a kan layin sadarwa. Duk umarnin da ɗalibi ya aika sai ya bar Kanya Babba ta hasumiyar waya, ya bi wayoyin gilashi zuwa Legas, galibi kuma ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku zuwa Turai ko Afirka ta Kudu, inda manyan kamfanoni suke da cibiyoyinsu. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon kuma a birnin Kef Tawun a 2020. Haske yana tafiya a cikin wayar gilashi da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan hanyar ta kai kilomita 8,000, zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa, kafin a ƙara jinkirin hasumiya da cunkoson masu amfani. Wannan jinkiri ana iya jure shi. Yankewar layi gaba ɗaya ita ce babbar matsala.

Hakan kuwa ya sha faruwa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta na kwanaki. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Ajin da dukkan aikinsa yake gajimare, a irin wannan rana sai dai ya koma allo. Akwai kuma kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. Rubutun ɗalibi kansa ba ya cin data, domin shafi mai haruffa 2,000 bai fi kilobayit biyu da ɗoriya ba. Buɗe muhallin ne karon farko yake ci. Wutar lantarki ma ba a rabu da ita ba, sai dai kwamfutar tafi-da-gidanka da waya suna cin wuta kaɗan, ƙaramin sola yana iya ɗaukarsu.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Manomi ya san kauci, tsiron nan da ke fitowa a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Kauci yana da koren ganye, yana haɗa abincinsa da hasken rana, amma ba shi da saiwa a ƙasa. Ruwa da ma'adinai daga jikin bishiyar yake tsotsa. Ranar da aka sare bishiyar, shi ma kwanansa ya ƙare. Darasin da aka gina kacokan a kan kyautar wani kamfani haka yake. A 2024 Replit ya rufe sashensa na musamman da malaman makarantu suke amfani da shi. A watan Yuli na wannan shekarar Amazon ya daina karɓar sababbin masu amfani da Cloud9, muhallin da ya saya a 2016. A watan Yuli 2025 kuma Glitch, wanda masu koyo da yawa suka fara gina shafukansu a kansa, ya daina ɗaukar shafukan jama'a. Malaman da suka dogara da su dole suka kwashe kayansu suka nemi wani wuri. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shawarwari ga malamai

Da farko, a fara da abin da ba ya bukatar intanet. HTML da CSS da JavaScript na matakin farko suna aiki a kowace kwamfuta da ke da burauza da ƙaramin edita irin Notepad. Ɗalibi ya rubuta fayil, ya adana shi da suna mai ƙarewa da .html, ya danna shi ya buɗe. Wanda ya yi haka da hannunsa ya fahimci cewa shafi fayil ne kawai, kuma ba zai ɗauki gajimare a matsayin sihiri ba. Sai darasi ya kai inda kwamfutocin makaranta suka gaza, ko ana son aikin haɗin gwiwa, sannan a hau gajimare.

Na biyu, kowane ɗalibi ya sauko da kwafin aikinsa a ƙarshen mako, a adana a filashi ko a kwamfutar malami. Wannan ya zama doka, domin Codespaces, alal misali, yana kashe akwatin da aka bari ba a taɓa ba na minti 30, yana kuma share wanda aka yi watsi da shi na kwana 30, in ba a canza saitinsa ba. Ɗaliban manyan azuzuwa ya kamata su koyi Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke adana tarihin kowane canji, kuma kowane kwafi nata cikakke ne.

Na uku, a koyar da harshen, kada a tsaya ga maɓallan wani kamfani. Alamar p tana nufin sakin layi a kowace burauza a duniya, amma wurin da maɓalli yake a wani muhalli yana iya canzawa gobe. Hanyar gane ko ɗalibi ya iya ita ce a ba shi takarda da biro ya rubuta ƙaramin shafi, ya kuma bayyana aikin kowane layi. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da yawancin waɗannan wurare suka haɗa da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke iya rubuta wa mutum shafi sukutum. Yaron da na'ura ta yi wa aiki tamkar wanda ya kwafi zanen albasa ne bai leƙa madubi ba.

Na huɗu, a kula da sirrin yara. GitHub ba ya yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu. Kada a bar ɗalibai su sa lambar waya, ko hoton 'yan gidansu, ko kwatancen gida a shafin gwaji, domin abin da ya hau yanar gizo yana iya kaiwa ga idon kowa. Inda na'urori suka yi ƙaranci, a zaunar da ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana bugawa ɗaya yana dubawa, su riƙa musanya bayan kowane minti 10, kuma a tabbatar 'yan mata sun samu rabonsu na zama a gaban madannai.

Kammalawa

Muhallin aiki na gajimare ya kawar da wani shinge na gaske. Makarantar da ba ta da kuɗin sayen sababbin kwamfutoci tana iya ba ɗalibanta kayan aiki irin waɗanda ɗaliban Harvard suke amfani da su, muddin akwai layi da ɗan abin da za a kunna. Amma kayan na wani ne, yana iya sa musu kuɗi ko ya janye su ba tare da ya shawarci malamin Kanya Babba ba. Abin da ba a iya janyewa shi ne fayil ɗin da ke cikin filashin ɗalibi da fahimtar da ke cikin kansa. Malamin da ya tsare waɗannan biyun yana iya aron gajimare duk lokacin da layi ya samu, ranar da bai samu ba kuma darasi ya ci gaba. Ɗalibin da ya tashi a irin wannan aji, idan ya isa Kazaure ko Babura, ba zai tsaya yana neman inda ake kunna kwamfuta ba. Zai isa ne da shafin da ya gina da kansa, da Hausa, haruffa masu lanƙwasa kuma suna zaune daidai.